Ƙamshi a Ɗakin Takaba

Shafi na 19

Da sunan Allah muke farawa. Na ga saƙonninku duka, da masu lallashi da masu faɗa, har da Hajiyar da ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta biyo ni gida da taɓarya. Ajiye taɓaryar, Hajiya, ga shi nan.

*

Tun daga soro Shamsiyya ta ji shi.

Ta tsaya cak, jakar aiki rataye a kafaɗarta. Ta ɗaga hanci ta shaƙa. Ta sake shaƙa.

Humra.

A wani gidan wannan ba abin magana ba ne. Amma nan gidan Gwaggo 'Yardada ne a Shahuci, inda Shamsiyya take ɗaukar fim ɗinta mai dogon zango, Ɗakin Dije, labarin matar da mijinta ya rasu take zaman takaba. Tun ranar farko ta kafa wa ma'aikatanta doka: ba mai shigo mata gidan nan da turare a jikinsa. Mai takaba ba ta shafa turare, ba ta sa kwalli, ba ta ƙunshi. Ta ce muddin ɗakin yana ƙamshi, 'yar wasan ba za ta ji a jikinta cewa miji ta rasa ba. Suna yi mata dariya a bayan ido, wai kyamara ba ta da hanci. Ta san suna yi, ba ta fasa ba.

Ta shiga tsakar gida, ƙamshin yana ƙaruwa.

Aminat, jarumar da take fitowa a Dije, tana zaune kan turmi tana latsa waya. Tana ganin Shamsiyya ta miƙe zumbur.

"Darakta, ina kwana."

Shamsiyya ta wuce ta ɗaga labulen ɗakin da suke ɗauka. Tsohon ɗakin ƙasa ne mai azara, ba komai a ciki sai tabarma da buta da carbi, sai mayafin Dije mai ruwan toka a rataye jikin ƙusa. Ta zaro mayafin ta kai hanci.

Sai da ta runtse ido.

"Aminat."

"Na'am, Darakta."

"Wa ya sa wa mayafin Dije humra?"

"Wallahi tallahi ni dai..."

"Ban ce ki rantse ba. Wa ya sa?"

Aminat ta sunkuyar da kai.

"Ni na sa. Amma sa ni aka yi."

"Wa?"

"Yaya Ɗalha."

Ɗalha ɗan baffan Shamsiyya ne, shi ne kuma furodusan fim ɗin, mai fita ya nemo abin da za a yi aiki da shi. Shi ya samo musu Alhaji Lawal mai turare na Ƙofar Wambai, wanda ya ɗauki nauyin aikin, ana sa tallar shagonsa a farkon kowane kashi da ƙarshensa. A kan haka aka yi magana, a kan haka aka sha hannu.

"Yaushe?"

"Jiya da la'asar, da kika raka Gwaggo suna a Ɗan Agundi. Ya kira ni da Kabiru mai kyamara, ya ce akwai wata 'yar fitowa da aka manta. Ya ce kin sani."

"Faɗa mini fitowar."

"Darakta, don Allah..."

"Faɗa mini ita yadda kika yi ta."

Aminat ta haɗiye yawu.

"Ina zaune a tabarma ina jan carbi. Sai in ajiye carbin, in zaro kwalba daga ƙarƙashin filo. In buɗe, in shafa a wuya da hannu da mayafi. In juyo da sunan shagon wajen kyamara. Sai in yi murmushi."

"Murmushi."

"Sai in ce, ko cikin baƙin ciki, humrar Alhaji Lawal ce kwanciyar hankalina."

Ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da na ajiye waya na yi salati. Haba Ɗalha! Ko kunyar carbin ba ka ji ba?

Shamsiyya ba ta ɗaga murya ba. Wanda ya san ta ya san wannan shirun ya fi faɗanta ban tsoro. Ta ninke mayafin a hankali, ta riƙe shi a hannu.

Kabiru ya shigo da sallama, kyamara a wuya, ƙafar kyamarar a kafaɗa. Yana ganin mayafin a hannunta ya ja birki.

"Darakta, ni ma sai da na ce masa anya?"

"Ka ce masa anya, sannan ka ɗauka."

"Cewa ya yi kin amince."

"Ka taɓa jin na amince da abu ban zo na tsaya a kansa ba? Ina abin da kuka ɗauka?"

"Yana cikin kyamara. Ban sauke ba."

"Ajiye ta nan gabana."

Ya ajiye ta kan turmi. Bai gama miƙewa ba suka ji muryar Ɗalha daga soro, cike da fara'a.

"Salamu alaikum, a gyara, da baƙo! Bismillah Alhaji, shigo, nan ne wurin namu."

Alhaji Lawal ya shigo cikin farar shadda, yana dariya tun kafin a ce komai. Mutum ne mai sakin fuska, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Leda ce a hannunsa cike da kwalabe, tsarabar da ya kawo wa ma'aikata.

"Malama Shamsiyya! Sannu da ƙoƙari, 'yata. Iyalina ba sa barin kowa ya yi tari in an saki fim ɗinki."

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ina kwana, ya kasuwa?"

"Alhamdulillahi."

Ta gaishe shi yadda ya kamata, har da rusunawa. Sannan ta juya ta miƙa wa Ɗalha mayafin.

"Yaya, shinshina."

Fara'ar fuskarsa ta ragu.

"Shamsiyya, da baƙo fa."

"Ai saboda baƙon ne. Shinshina."

Bai karɓa ba. Ya kalli Aminat, ya kalli Kabiru, duk suka kau da kai.

"To na ji, na ɗauka," in ji shi. "Da ma yau na yi niyyar gaya miki, shi ya sa na zo da Alhaji. 'Yar fitowa ce, kafin mutum ya ƙifta ido ta wuce."

"Ka ce musu na sani."

"Da na tambaye ki za ki yarda?"

"A'a."

"To kin gani."

Alhaji ya ajiye ledar, yana kallon wannan yana kallon wancan.

"Ikon Allah. Ɗalha, ashe ba da saninta ba ne? Ni cewa na yi a sa kwalbata a hannun yarinyar nan, tunda ita mata suke kallo. Ban ce a yi faɗa ba."

"Alhaji," in ji Shamsiyya, "Dije takaba take yi."

"Na sani mana."

"Mai takaba tana shafa turare?"

Ya ɗan sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula.

"To, a zahiri dai ba ta yi. Amma wannan ai wasa ne, 'yata. Fim ne. Kowa ya san ba gaske ba ne."

"In kowa ya san ba gaske ba ne, me ya sa kake son kwalbarka a hannunta?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Saboda sun yarda da ita ne, Alhaji. Sun yarda da ita don ba ta taɓa yi musu ƙarya ba. Wannan yardar kake so ka saya, kuma ranar da ta buɗe kwalbar nan yardar ta ƙare. Ba ka samu ba, ni ma na rasa."

Ɗalha ya matso, ya rage murya.

"Ke kam kin iya magana. To ki saurare ni. Kina karanta abin da masu kallo suke rubutawa? Kowa cewa yake fim ya yi kyau amma ya yi duhu. Mace ɗaya, ɗaki ɗaya, mayafi ɗaya. Ba waƙa, ba kwalliya, ba gidan sama, ba mota. Kin san ƙofofin da na ƙwanƙwasa aka kore ni kafin bawan Allahn nan ya saurare ni? Kyamarar nan haya ce. Fitilun nan haya ne. Kabiru matarsa ta kusa haihuwa. Ke kina tsaye a bayan kyamara ana ce miki Darakta, ni ne nake durƙusa wa mutane a shagunansu."

Wannan maganar ta taɓa ta, don gaskiya ce. Ɗalha ya sha wahala a kan fim ɗin nan, takalminsa ma shaida ne.

"Na sani, Yaya. Ban taɓa raina wahalarka ba."

"To ki bar fitowar nan ta wuce. Sau ɗaya."

Ta juya wajen Alhaji.

"Alhaji, in ba ka abin da ya fi wannan?"

"Ina jin ki."

"Akwai ranar da Dije za ta fita takaba. Mata za su cika tsakar gidan nan. A yi mata wanka, a yi mata kitso, a sa mata lalle, a kunna garwashi a kasko. Tun kashi na farko nake hana ta ƙamshi saboda ranar nan. Ranar ƙawarta za ta buɗe kwalbarka ta shafa mata, ita kuma ta shaƙa ta fashe da kuka, don rabonta da ƙamshi tun mijinta yana raye. Wallahi Alhaji, duk macen da ta kalli wannan sai ta tambayi sunan humrar."

Idon Alhaji ya yi haske. Har ya gyaɗa kai.

"Kai, wannan ya yi. Yaushe za a nuna?"

"Kashi na ƙarshe."

"Wato yaushe ke nan?"

"Bayan Sallah."

Hasken ya ɗauke.

"Bayan Sallah? 'Yata, wa yake sayen humra bayan Sallah? Na haɗa kaya, na cika shago har ƙofa. Matan da suke haɗa mini suna da iyali, yaran shago suna da iyali. Yanzu ne kasuwar. Ba za a iya matso da fitar takabar ba? Ta fita a satin nan mana."

"Alhaji, ba ni na yanka mata kwanakin ba."

Kabiru ya toshe baki da hannu ya juya baya kamar mai gyara ƙafar kyamara.

A nan ne aka ji takun sanda daga soro.

Gwaggo 'Yardada ce ta dawo daga gidan sunan, inda ta kwana. Ƙullin naman suna a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Tana shigowa ta tsaya, ta ɗaga hanci daidai yadda Shamsiyya ta yi ɗazu.

"A'a! Amarya aka kawo mini gidan ba labari?"

Ba wanda ya yi dariya.

Alhaji ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa tana bin fuskoki da kallo. Idonta ya sauka kan mayafin da ke hannun Shamsiyya.

"Ke, me ya faru?"

"Gwaggo, ki zauna tukuna."

"Ƙafata ce, ni na san lokacin da take gajiya. Me ya faru?"

Shamsiyya ta faɗa mata. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, har carbin da aka ajiye, har murmushin.

Gwaggo ta miƙa wa Aminat ƙullin naman ba tare da ta kalle ta ba. Ta dogara sandarta ta ƙarasa bakin ɗakin, ta ɗaga labule, ta daɗe tana kallon tabarmar.

"Ɗalha."

"Na'am, Gwaggo."

"Wannan wane ɗaki ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba ka ji ba ne? Wane ɗaki ne?"

"Ɗakin da kika yi takabar Malam ne."

"Ashe ka tuna. Kana ɗan yaro uwarka take aiko ka da kunu, ka tsaya a bakin ƙofar nan kana leƙe. Ka taɓa jin ƙamshi?"

"A'a, Gwaggo."

"Malam mutum ne mai son ƙamshi. Duk Juma'a sai na turara masa rigarsa kafin ya tafi masallaci. Ranar da aka fita da shi, da hannuna na kife kaskon nan, ban sake ɗaga shi ba sai da na fita. Ba don wani yana gadina ba. Ba wanda zai sani in na shafa. Ni na sani, Allah ya sani."

Ta juyo ta fuskanci Alhaji.

"Alhaji, kai baƙo ne, ba ka san abin da ake ciki ba. Labarin nan nawa ne. Yarinyar nan ta zauna a gabana ta yi ta tambaya ina ba ta. Na ce ta canja suna, ta canja. Amma duk Shahuci, daga mai kayan miya har matar liman, ba wanda bai san Dije ni ce ba. Ranar da aka saki na farko, Uwa maƙociyata shigowa ta yi tana kuka, ta ce 'Yardada ga ki nan a waya. Yanzu so ake unguwa ta kalla ta ce ashe haka na yi wa Malam?"

"Subhanallahi, Hajiya, ba haka nake nufi ba."

"Na san ba haka kake nufi ba. Amma haka za a gani."

Shamsiyya ta ɗauki kyamarar daga kan turmi.

"Kabiru, nemo mini fitowar."

Ya latsa, ya miƙo mata. Ga Aminat a ɗan gilashin, kwalba a hannu, haƙora a waje. Kuma ku ji abin haushi, ɗaukar ta yi kyau. Kabiru ya iya aikinsa.

"Alhaji, ka yi mana alheri, ba zan manta ba. Amma a gabanka zan goge, don kada a ce na yi a ɓoye."

"In kika goge, 'yata, kin san ni ma ina da tawa maganar."

"Na sani."

Ta danna. Kyamarar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta sake dannawa.

Shi ke nan.

Ɗalha bai ce uffan ba. Mutumin da ya gama zuba ɗazu, ko hannu bai ɗaga ba, ƙasa kawai yake kallo. Shamsiyya ta ɗauka maganar Gwaggo ce ta kashe masa jiki.

Alhaji ya gyara babbar rigarsa, ya ɗauki ledarsa.

"To, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ban riƙe ki ba, Malama Shamsiyya, amma ni ɗan kasuwa ne. Daga yau hannuna ya fita. Ɗalha, ka mayar wa masu haya kayansu yau, don ba zan ƙara biya ba."

Ya juya wajen Aminat.

"Ke kuma, in kina so, shagona yana neman fuskar talla. Ba sai kin zauna a tabarma ba."

Kowa ya kalli Aminat. Yarinya ce mai tasowa, wannan ne fim ɗinta na farko da aka san ta da shi, kuma kowa ya san ba daga gidan masu hali ta fito ba.

Ta goge ido da bayan hannu.

"Na gode, Alhaji. Ni na ɓata, ni zan zauna in gyara."

Allah ya yi miki albarka, Aminat. Na yafe miki murmushin jiya.

Ɗalha da kansa ya kwance fitilu, ya naɗe wayoyi, ya zare kyamarar daga hannun Kabiru. A bakin soro ya tsaya kamar zai ce wani abu. Ya kalli Gwaggo, leɓensa ya motsa, sai kuma ya fice.

Tsakar gida ta yi tsit. Ba kyamara, ba fitila, ga fitowar yau ba a ɗauka ba, ga masu kallo suna jiran sabon kashi.

Shamsiyya ta zauna kan turmi.  Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai, don ta san fim ɗin da ta ƙwallafa rai a kansa zai iya mutuwa a nan. Amma ko ɗigon nadama ba ta ji ba.

"Kabiru, ka tafi. Kana da iyali, ba zan ga laifinka ba."

"In tafi ina?"

Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya goge idonta da gefen riga.

"Wannan ma tana ɗauka, Darakta. In aka samu haske ba wanda zai ce ga bambanci, sai ɗan sana'a."

"Ina hasken?"

Ya ɗaga kai ya kalli rana, ya kalli madafa.

"Gwaggo, ara mini babban tiren nan naki na silba."

"Wanda nake shanya kuɓewa? Ɗauka, amma in ka lanƙwasa shi sai ka biya."

Nan fa gida ya kacame da aiki. Gwaggo ta ba Aminat sabulun salo ta ce ta je ta dirje wuyanta da hannuwanta har sai ƙamshin ya fita. Aka fitar da tabarma aka shanya, aka kawo wata. Gwaggo ta hura icce a tsakiyar ɗakin, hayaƙi ya turnuƙe har Kabiru yana tari yana hawaye, ta ce ya yi haƙuri, ɗakin ƙasa ba ya sakin ƙamshi da lallami.

Saura mayafi.

Shamsiyya ta wanke shi, ta shinshina, ta sake wankewa. Humrar Alhaji dai a gaishe ta, tana nan daram.

"Ba zai yiwu ba," in ji ta. "Ga shi jiƙe, ga ƙamshi."

Gwaggo ta kalle ta na ɗan lokaci. Ta shige ɗakinta. Aka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da wani abu a ninke, mai ruwan toka, ya koɗe, gefensa ya fara zare.

Shamsiyya ta miƙe tsaye.

Ta san ko mene ne. Tun kafin a fara fim ɗin ta roƙi Gwaggo ta nuna mata shi ko sau ɗaya, Gwaggo ta ce ba abin kallo ba ne. Sai kwatance ta yi mata, aka je kasuwa aka nemo mai kama da shi.

"Gwaggo..."

"Karɓi. Wannan bai taɓa jin ƙamshi ba."

"Kin ce ba abin kallo ba ne."

"Da na ce. Ban san wadda zan ba ba ne a lokacin. Yau na ga 'yar ƙanina ta kori abincinta da hannunta saboda ni da Malam. Ubanki da yana raye da ya yi taƙama da ke a majalisa."

Shamsiyya ta karɓa da hannu biyu.  Alfahari ne ya cika ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fara kiranta Darakta.

Ita da kanta ta yafa wa Aminat.

Aminat ta zauna a tabarma, ta ɗauki carbi. Shamsiyya ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tiren kuɓewa, tana karkata shi har hasken rana ya faɗa kan fuskar Dije. Kabiru ya durƙusa, ya dafe gwiwar hannu a kan turmi don kada wayar ta yi rawa. Gwaggo tana gefe kan kujera 'yar tsugunno.

"Kowa ya yi shiru. Mu je."

Fitowar mai sauƙi ce. Ranar Juma'a ce, Dije ta ji kiran salla, ta miƙa hannu wajen rigar mijinta don ta turara masa kamar yadda ta saba, sai ta tuna.

Aminat ta miƙa hannun. Ta tsaya. Ta ja mayafin ta rufe hanci da baki, ta shaƙi warin tsohon akwati da hayaƙin icce. Kafaɗunta suka fara girgiza. Wannan kukan ba na wasa ba ne, kowa a wurin ya san haka.

Kabiru ya ɗago ido ya kalli Shamsiyya, ya gyaɗa kai a hankali. Ba su taɓa ɗaukar fitowa irin wannan ba, har lokacin da suke da fitilu.

Shamsiyya ta buɗe baki za ta ce a yanke.

"'Yardada! 'Yardada, kina ciki?"

Uwa maƙociya ce ta faɗo gidan ko sallama babu, gyale a hannu, takalmi wari da wari, wayar jikarta a ɗage sama.

"Me nake gani yana yawo a wayoyin mutane? Tun safe yaran shagon mai turaren nan suka saka, an ce tun jiya aka tura musu. Har gidan liman an kalla!"

Tiren ya suɓuce daga hannun Shamsiyya ya faɗi ƙasa yana ƙara.

Tun jiya.

Sai yanzu ta gane shirun Ɗalha. Ashe ya riga ya kwafi fitowar a bayan idon Kabiru ya tura musu.

Daga cikin wayar, muryar Aminat ta fito tar, mai daɗi, har da 'yar dariya.

"Ko cikin baƙin ciki, humrar Alhaji Lawal ce..."

"Uwa, kashe!" in ji Shamsiyya. "Don Allah kashe!"

"A'a, bar ta."

Gwaggo ce. Ta dafa sandarta ta miƙe tsaye, ta miƙa hannu.

"Miƙo mini, Uwa. In ga yadda na yi takabar Malam."